Yarima Teja da Dokin da Ba a Taɓawa

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga nesa ta taso.

Ta zo mu ji ta, ko daga bayan teku ne.

To, ku gyara zama. Ke Lantana, sauke ƙafarki daga kan tabarmata. Kai kuma Ɗanjuma, in gyaɗar nan za ka yi ta ɓare mini a kunne, tashi ka koma can.

A can ƙasar Hindu, tun zamanin da ake yaƙi da giwaye da keken doki, an yi wani sarki mai 'ya'ya maza da yawa. Babbansu sunansa Tejabahu. Sunan ya yi wa bakina nauyi, haƙorana ba su cika ba, don haka Teja za mu ce masa. In ya ji haushi ya zo ya same ni.

Teja jarumi ne na gaske, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar bakansa. Malaminsa ne ya ba shi, bayan ya yi shekara goma sha biyu yana koyon harbi. Baƙin itace ne, an naɗe shi da zinariya. In ya ja tsirkiyar ya saki, sai tsuntsayen gari su tashi. Kullum da safe, kafin ya wanke ido, sai ya shafe bakan nan da man shanu. Har hira yake yi da shi. Kada ku yi dariya. A ƙasar nan, ɗan sarkin da ba shi da baka ba a sa shi cikin maza. Ba ya zama a gaba a fada, kuma ba ya gadon sarauta.

To mutanen nan, kun san ba addininmu suke yi ba, suna da wata al'ada tasu. In sarki ya ga ya ƙasaita, sai ya zaɓi dokin da ya fi kowane kyau, a ɗaura masa allon zinariya a goshi, a sake shi. Shekara guda cur yana yawo inda ya ga dama, ɗan sarki na biye da shi da runduna. Duk ƙasar da dokin ya shiga, in sarkinta ya bar shi ya wuce, to ya yi mubaya'a ke nan. In kuwa ya kama shi ya ɗaure, to ya ce a zo a gwabza.

Sai uban Teja ya zaɓi wani farin doki, fari fat, aka ɗaura masa allo. Sai Sarkin Tsafi, wato babban mai yi wa gumakansu hidima, ya kira Teja a gaban jama'a.

Ya ce, "Teja, ka ji sharaɗi. Ba a hawan dokin nan. Ba a juya shi. Ba a taɓa shi ko da ɗan yatsa, kai ko wani naka. Maƙiyi in ya taɓa shi, yaƙi ko mubaya'a za su wanke. Naka hannun ba abin da zai wanke shi. In ka taɓa, da kanka za ka karya bakanka a tsakiyar fada."

Sai aka ji tari daga baya. Bodaka ne, tsohon da ke tuƙa wa Teja keken yaƙi. Shi ya tuƙa ubansa ma. Dokokin yaƙin ƙasar duk suna kansa, ga shi da mita kamar tsohuwar kaza.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in dokin ya mutu a hanya fa?"

Sarkin Tsafi ya ce, "To allolinmu sun karɓi abinsu da wuri ke nan. Ku ciro allon ku kawo. Ba laifin kowa."

Teja ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Ni me zai kai hannuna jikin doki? Hannuna na baka ne."

Sai aka saki doki. Sai doki ya kama hanya. Sai Teja ya bi shi.

Suna tafiya, suna tafiya, sai suka shiga ƙasar wani sarki mai giwa dubu. Sarkin ya kama doki ya ɗaure. Teja ya ɗauko ƙahonsa na yaƙi, wata ƙatuwar katantanwar teku ce, ya busa, buuu! Ya yi ta sakin kibiya, kowace ta tsinke igiyar sirdin giwa guda. Kafin rana ta take tsaka, mayaƙa duk suna ƙasa suna neman takalmansu. Sarkin ya kwance doki da hannunsa, har da rakiya.

Suna tafiya, suna tafiya, sai ƙasar wani sarki mai taurin kai. Shi ma ya ɗaure. Teja ya busa, buuu! Kibiya ta farko ta ɗauke wa sarkin laima. Ta biyu ta ɗauke rawani. Ta uku ta ɗauke ɗan kunnensa na dama. Sarkin ya dafe kunne ya ce, "Tsaya, tsaya, ɗan nan! Na ga inda aka dosa. A kwance masa dokinsa!"

Suna tafiya, suna tafiya, sai ƙasa ta uku. Wannan sarkin labari ya riga ya iso masa. Ya sa aka shimfiɗa dardumai tun daga ƙofar gari, aka watsa furanni, jama'a suka zube suna gaisuwa. Doki ya cinye furannin ya wuce abinsa.

Haka aka yi ta yi har wata goma sha ɗaya. Kowa na durƙusa wa doki, kowa na yi masa kirari, amma ba wanda ya taɓa share masa jiki. Wa zai fara? Gezarsa ta cukurkuɗe. Kaska ta cika masa kunne. Kofato ya yi tsawo har ya soma tsagewa. Farin nan fat ya koma kalar toka.

Shi kuwa Teja, ba tare da ya sani ba, ya shaƙu da dabbar nan. Wata goma sha ɗaya kana bin abu a baya, ai dole. Ya san irin ciyawar da yake so. Ya san ba ya shan ruwan da aka gurɓata. Kullum da safe dokin sai ya waiwayo ya yi masa haniniya kafin ya kama hanya.

Da shekara ta kusa cika, sai doki ya juya da kansa ya nufi gida. Ana nan, sai ya taka ƙaya. Ranar farko ɗingishi kaɗan. Rana ta biyu ƙafar ta kumbura. Rana ta uku da ƙafa uku yake tafiya.

Bodaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan fa."

Teja ya ce, "Na gani, Baba Bodaka."

"To?"

"To me? Doka ce."

Ya faɗa da ƙarfi, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, ranar ko abinci bai iya ci ba.

Sai suka iso wani ɗan rafi. Runduna ta sauka a wannan gaɓar don ta huta. Doki ya lallaɓa ya haye, ya shige wani ƙauyen makiyaya. Teja da Bodaka suka bi shi su kaɗai a keke. Suna isa, me za su gani? Doki ɗaure a turke gindin darbejiya, ƙafarsa cikin kwatarniyar ruwan ɗumi. Ga wata 'yar guntuwar tsohuwa a tsugune tana danna kumburin. Sunanta Jamuni, ita ce mai maganin dabbobi a ƙauyen.

An ɗaure doki, ai sai yaƙi. Teja ya ɗauko katantanwa, buuu!

Tsohuwa ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wane marar aikin yi ne ke busa mini a ka? Zai firgita mini marar lafiya."

Teja ya ce, "Iya, ke kika ɗaure dokin nan?"

"Ni ce. Naka ne?"

"Na ubana ne."

"To daga kai har uban naka ba ku da kunya. Dubi yadda kuka mai da dabba!"

"Ba ki karanta abin da ke goshinsa ba?"

"Ni ƙafa na duba, ba goshi ba."

Teja ya ce, "Duk wanda ya ɗaure dokin nan, yaƙi ya nema." Ya zaro kibiya.

Sai Bodaka ya yi tari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, doka. Wanda ke kan keke ba ya yaƙar wanda ke ƙasa."

Teja ya diro ƙasa. Ya ɗaga baka.

Bodaka ya sake tari. "Ranka ya daɗe, doka. Mai makami ba ya yaƙar marar makami."

Teja ya zare takobinsa ya miƙa wa tsohuwa. Ta karɓa, ta jujjuya, ta ce, "Kai, yana da kaifi kuwa." Sai ta hau yanka ganyen darbejiya da shi.

Teja ya ce, "To yanzu tana da makami!"

Bodaka ya yi tari na uku. "Ranka ya daɗe, doka. Namiji ba ya yaƙar mace."

"Haba, Baba Bodaka! Me ya hana ka faɗi wannan tun farko?"

"Tsufa ne, ranka ya daɗe. Ɗaya-ɗaya suke zuwa mini."

Ana wannan ja-in-ja rana ta faɗi, su kuwa a dokarsu ba a yaƙi bayan faɗuwar rana. Teja ya ce lallai gobe ta fito da namijin da zai tsaya mata. Ta ce ta ji. Sai ta kawo musu shinkafa da kindirmo, don a can in rana ta faɗi abokan gaba kan ci abinci tare.

Suna ci ta ce, "Ɗan sarki, in dokin ya isa gida me za ku yi masa?"

Teja ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yanka shi za a yi wa alloli."

Tsohuwa ta ajiye ludayi. "Shekara guda kuna durƙusa masa don ku yanka shi? Tabɗi! Lallai manya da abin mamaki suke." Sai ta ce, "To wannan ku ta shafa. Ni abin da ke gabana ƙafa ce, kuma sai na gyara ta."

Gari ya waye. Teja ya sha sulke, ya busa, buuu! Ya ce, "Iya, ina namijin?"

Ta ce, "Ga shi nan ana kawowa."

Sai ga wasu tsofaffi biyu sun tallabo wani tsoho tukuf, suka ɗora shi kan turmi. Yayanta ne, sunansa Mangalu, shekararsa casa'in. A hannun hagu wani mashi mai tsatsa, a hannun dama karan rake. Haƙoransa biyu ne kacal, ɗaya a sama ta dama, ɗaya a ƙasa ta hagu, tun da suke ba su taɓa haɗuwa ba.

Teja ya ce, "Baba, ka shirya?"

Mangalu ya ce, "Na shirya, ɗan nan. Bari dai in ɗan sha raken nan." Ya kai baki.

Bodaka ya yi tari. "Ranka ya daɗe, doka. Ba a taɓa mutum yana cin abinci."

To fa! Teja ya tsaya yana jira. Hantsi ya yi, tsoho na fama da ɓawo. Rana ta take, tsoho na tsotsa.

"Baba, ka kusa?"

"Saura gaɓa shida."

La'asar ta yi, Teja ya gaji da tsayuwa ya zauna kan kututture.

"Baba, yanzu fa?"

"Saura biyar da rabi. Kada ka gaggauta ni in ƙware."

Teja ya so ya yi fushi, sai dariya ta ƙwace masa. Ya zauna yana kallon Jamuni tana aiki. Ta cire kaska ɗaya bayan ɗaya. Ta warware geza ta taje. Ta datse kofato ukun nan masu lafiya. Ta wanke dokin tas har farinsa ya dawo. A ransa daɗi yake ji, har yana fatan raken nan kada ya ƙare. Rana ta faɗi Mangalu bai gama gaɓa biyu ba.

Amma fa kumburin bai sauka ba. Ya hau har gwiwa, kuma doki ya ƙi ciyawa.

Rana ta uku, Teja ya zo da katantanwarsa, sai ya fasa busawa. Doki na kwance, numfashi sama-sama. Jamuni yau ba wasa a fuskarta. Ga aska tana gasawa a wuta.

Ta ce, "Ƙayar ta karye a ciki, wurin ya tara mugunya. Sai na tsaga. In ban tsaga yau ba, gobe gawa za ku tarar."

Teja ya ce, "To tsaga mana, Iya!"

"Da wa? Sau biyu ina ɗaure shi yana tsinka igiya. Sai an sami ƙaƙƙarfa ya danne wuyan, ya riƙe ƙafar. Samarinmu duk sun tafi kan dutse da shanu. Ko Mangalu kake so in sa?"

Mangalu ya ce, "Ni rake nake sha."

Bodaka ya ce, "Da ina da ƙarfi da na riƙe. Amma ko na riƙe, a kanka laifin zai faɗa, ranka ya daɗe." Sai ya matso kusa, ya rage murya. Yau ba tari. Ya ce, "Yarima, ka ji gaskiya. In ya mutu ba laifinka. Mu ciro allo mu tafi gida, a yi maka kiɗa. Bakanka na hannunka, sarauta na jiranka. Kuma ko ya warke, wuƙa ce ke jiransa. Kada ka zubar da shekara goma sha biyu saboda kwana goma."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, Teja ya sani. Ya dubi bakan nan. Ya dubi doki. Sai dokin ya ɗago kai da ƙyar, ya waiwayo, ya buɗe baki zai yi haniniyar da ya saba yi masa da safe, murya ta ƙi fita.

Wallahi yara, mutumin da giwa dubu ba ta sa ya girgiza ba, sai ga doki a kwance ya girgiza shi. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Ya tsaya, ya tsaya, har tsohuwa ta ce, "Ɗan sarki, askata na hucewa. In ba za ka riƙe ba, matsa mini daga haske."

Sai Teja ya miƙa wa Bodaka baka. Ya ce, "Riƙe mini."

Ya durƙusa. Ya ɗora hannu a wuyan doki. Ashe haka jikinsa yake da laushi? Wata goma sha ɗaya yana binsa bai sani ba. Ya danne wuyan da ƙirji, ya kama ƙafar da hannu biyu. Ya yi irin bismillarsu ta can, ko me suke cewa oho, ni ban sani ba. Jamuni ta sa aska, tsaf!

Doki ya zabura ya yi wurgi da Yarima, tim, cikin kashin shanu. Ya tashi ya dawo ya danne. Doki ya sake wurgi da shi. Ya dawo. A na uku ya riƙe gam, ya kafa ƙafa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Mugunya ta yi tsartuwa. Kai, wari! Ke Lantana daina toshe hanci, ai ba nan aka yi ba. Tsohuwa ta sa yatsa biyu ta zaro ƙaya, tsawonta ya kai ɗan yatsana. Ta wanke wurin, ta cusa dakakken darbejiya da gangamau da man shanu, ta naɗe da tsumma.

Ta dubi Teja, sulke duk kashin shanu, ta ce, "Ashe kana da amfani."

Kwana ɗaya doki ya sha ruwa. Kwana biyu ya ci dusa. Kwana uku ya miƙe, ya girgije, ya yi wata haniniya har kajin ƙauye suka watse. Jamuni ta kwance igiya ta ce, "Ga abinku."

Bodaka ya ce, "Doka ta ce wanda ya kwance da kansa ya yi mubaya'a."

Ta ce, "Ku kira shi abin da kuka ga dama. Ku dai tashi mini daga inuwa."

Za su tafi, sai Bodaka ya ce, "Ni dai idona ya mutu, ban ga an taɓa komai ba."

Jamuni ta ce, "Ni wa zai zo har nan ya tambaye ni?"

Mangalu ya ɗaga rakensa ya kai baki.

Runduna kuwa tana can hayin rafi, ba wanda ya gani. Teja ya karɓi bakansa, suka bi bayan doki.

Kwana bakwai suka yi a hanya. Kullum da safe yana shafa wa baka man shanu, amma hira ta ƙare. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da sarauta, in an tambaye shi ko an taɓa doki ya ce a'a, shi ke nan. Ya gwada faɗinta a ransa, ya ji ba wuya. Ya sake gwadawa, ya ji ta ƙara sauƙi. Wannan sauƙin ne ma ya fi damunsa.

Ranar da shekara ta cika, doki ya shiga gari da ƙafarsa huɗu, fari fat, yana taƙama. Kiɗa, busa, guɗa, mutane har kan katanga. Sarki na zaune, 'ya'yansa na gefe. An hura wuta, an wasa wuƙaƙe. Sarkin Tsafi ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ya ce, "Teja, an hau shi?"

"A'a."

"An juya shi?"

"A'a."

"An taɓa shi?"

Bodaka ya yi tari. Ya sake tari. Ya yi ta tari har wani ya miƙo masa ruwa. Teja ya dubi ubansa, ya ga yadda yake kallonsa cike da alfahari. Sai ya ji in ya faɗi kalmar nan, kallon nan ba nasa ba ne har abada.

Ya ce, "Na taɓa shi."

Har makaɗa suka saki gangunansu. Sarkin Tsafi ya matso ya raɗa masa, "Ɗan nan, wataƙila iska ce ta kaɗa gefen rigarka ta shafe shi?"

Teja ya ɗaga murya. "Da hannu biyu na rungume shi. Sau biyu yana jefa ni cikin kashin shanu."

Wani daga baya ya yi dariya, aka zungure shi.

Sarki ya ce, "Saboda me, Teja?"

"Ƙaya ce, ranka ya daɗe. Zai mutu."

"Ba ka san in ya mutu ba laifinka ba ne?"

"Na sani, Baba. A gabana yake kwance."

Bai jira an ce masa ba. Ya fito tsakiyar fada, ya shafa bakansa sau ɗaya, ya ɗora a gwiwa. Ƙaras! Ba zan ɓoye muku ba, ya yi kuka, hawaye shaɓe-shaɓe, a gaban maza da mata. Bodaka ma ya juya baya yana share ido da gefen rawani.

Sai Sarkin Tsafi ya buga sanda a ƙasa, ya cika ya batse. Ya ce, "A kashe wuta! A mai da wuƙaƙe kube! Dokin da hannun mai tsaronsa ya taɓa, alloli ba sa karɓa. An ɓata mana shekara guda a banza. A fitar da shi daga nan!"

Teja ya ɗago, hawaye bai bushe ba. Ya ce, "Ba za a yanka shi ba?"

"Mu yanka wa wa? Ai ka ɓata shi!"

Teja ya dubi Bodaka. Bodaka ya buɗe baki ya ce, "Na rantse, ranka ya daɗe, wannan dokar ko ni ban san da ita ba."

Sai Teja ya fashe da dariya, ga kuka ga dariya, har mutane suka ce ko ya zautu.

Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Wanda ya ɓata shi ya kwashi abinsa."

Teja ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya je ya kwance allon zinariyar nan daga goshin doki, ya ajiye a gaban sarki. Ya sosa wa doki wuya a gaban kowa, ya sosa masa kunne, ya yi tsalle ya ɗare bayansa ba ko sirdi. Suka nufi ƙofar gari, yara na binsu da ihu.

Waziri ya matso kusa da sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi asara. Yanzu wa zai riƙe mana baka?"

Sarki bai ɗauke ido daga ƙofa ba. Ya ce, "Baka za a sami mai riƙewa, ga ƙannensa nan birjik. Amma ka ji, Waziri, ranar da na kwanta ciwo, kada ku kira mini mai baka. Wancan za ku kira mini."

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan na ajiye muku, wanda ya riga tashi ya ɗauka.

In kun ga abu na shan wahala a gabanku, ko mutum ko dabba, kada ku tsaya neman dalilin da zai ce ba laifinku. Ku sa hannu. In kuma an tambaye ku, ku ce ku ne. Kai Ɗanjuma, akuyar nan taka tun jiya take ɗingishi, kada ka ce ban gani ba. Ku tashi ku ba ni wuri.